Lambar Inuwar Yaya

A layinmu ba wanda yake kiran Yaya da sunansa. Bari-in-duba ake ce masa, tun daga mai gyaran takalmin da ke bakin shagonmu har mai kantin magani na ƙarshen layi. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko hoton fasfo ka miƙa masa ba zai ce ya yi ko bai yi ba, sai ya ce bari in duba, ya gyara zaman tabarau, ya kuma duba ɗin da gaske. Mutum ya zo da gaggawa, ya tafi da haushi, gobe ya dawo. Ni ce autar gidanmu, shekara goma sha huɗu ya ba ni, kuma shekara ashirin da ɗaya na yi a tsaye gaban injin buga hoto a ɗakin ciki na shagonsa. Labarinsa nake so in bayar, amma duk ta inda na ɗauko sai in tarar da kaina a tsakiya riƙe da laifi. Gara in faɗe shi tun yanzu: shekara biyu na san idon Yaya yana tafiya, ban gaya masa ba.

Tun yana saurayi ya fara wankin hoto, zamanin fim da ɗakin duhu da jar fitila. Har yau faratansa ba su koma daidai ba, ruwan maganin wanki ya rine su. Ina aji uku mahaifinmu ya rasu, kuma da waɗannan rinannun yatsun ya riƙe mu. Da fim ya mutu, abokan sana'arsa wasu suka koma sayar da cajar waya, wasu suka zauna a gida suna zagin zamani. Yaya ya sayo kwamfuta yana gab da shekara hamsin, ya koye ta da yatsa ɗaya, yana yi yana mita kamar wanda aka tilasta wa shan magani.

Aikin da ya fitar da sunansa ba ɗaukar hoto ba ne, juya hoto ne. Wayoyin yanzu da manyan kyamarori suna ɗaukar irin hoton da ake kira HDR. Ka danna sau ɗaya, na'urar ta ɗauka sau uku ko fiye, ɗaya da duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske, ta haɗe su wuri guda. Shi ya sa a wayarka kake ganin gajimaren da ke bayan taga, kana kuma ganin fuskar kakarka da ke zaune a lungu. To injinmu na bugawa bai san wannan zancen ba, takarda ma ba ta sani ba. JPEG suke karɓa, shi kuwa JPEG ƙaramin mazubi ne, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat mataki ɗari biyu da hamsin da shida kawai gare shi. Dole a matse hasken nan mai yawa ya shiga ciki, dole kuma wani abu ya zube. Kwamfuta tana iya yi da kanta, danna ɗaya hoto ɗari. Sai dai taga ta fito fara fat kamar an manna takarda, ko fuskar mutum ta yi toka-toka kamar wanda ya tashi daga jinya.

Yaya bai yarda da danna ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya yake bi. Zai rage hasken taga har zanen labule ya dawo, sannan ya ja ɗan ma'aunin inuwa a hankali har a ga kunnen mutumin da ke lungu, ya tsaya nan. Yana cewa inuwa ɗaga ta ake kaɗan, ba korar ta ake ba. Bangon ɗakinsa ruwan toka ya shafa masa, tagar ya rufe da baƙin labule, kuma ba a tsaya masa a baya da kaya masu ɗaukar ido. Akwai ranar da na shigo da sabon mayafi rawaya, ina jin kaina, ko sannu bai ce min ba sai cewa ya yi, "Auta, kin shigo min da rana cikin ɗaki. Fita." Na fita ina ƙunƙuni, na yini da tsohon mayafin da nake ajiyewa saboda ƙurar takarda.

Yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita daga ɗakin duhu. A da, yakan rubuta da fensir a bayan kowane hoto daƙiƙa nawa ya ba shi haske. Da aka koma kwamfuta sai ya riƙa sa lambar da ya ɗaga inuwa a ƙarshen sunan fayil: falo-12, kicin-15, baranda-10. Wai ko mai hoto zai dawo neman wani, kada a sake lalube. Lambar ba ta cika wuce ashirin ba. In ya gama sai ya jefa a foldar da muka sa wa suna "A buga", na asalin kuma suna nan a tasu foldar. Daga ɗakin ciki nake ɗauka, in buga, ko in tura wa mai shi ta waya.

Shi ya koya min juya hoto, amma bai taɓa bari in yi na mutane ba. Sau ɗaya wani ya tambaye shi me ya sa ba ya raba aikin da ni tunda layi ya yi tsawo, ya ce, "Auta tana da hannu, ido ne ba ta da shi." Dariya aka yi, ni ma na yi. Amma ni mace ce mai riƙo, wannan kowa a gidanmu ya sani. Na ninke maganar na ajiye, ba ta taɓa ɓata ba.

Babban mai kawo mana aiki wani dillalin gidaje ne, ƙato mai ƙaton murya, turarensa yana riga shi shigowa. Duk mako sai ya kawo hoto talatin ko arba'in na ɗakunan da yake so ya sa haya. Hoton ɗaki kuwa shi ne jarabawar wannan aiki, domin kowane ɗaki da tagarsa da lungunsa. A hotunansa na fara ganin lambar tana hawa. Ashirin da huɗu. Ashirin da takwas. In na buga sai ɗakin ya fito a wanke, kujera ba ta da nauyi, ƙarƙashin gado da saman gado duk ɗaya.

Na yi magana sau ɗaya, kada in zalunci kaina. Na kai masa takardar na ce, "Yaya, wannan bai yi fari da yawa ba?"

Ya karɓa, ya juya ta, ya kalli allon kwamfutarsa, ya sha mur. "Injinki ne yake buƙatar wanki. A nan daidai yake."

"Jiya na wanke shi."

"To idonki ki wanke."

Kwana uku gaisuwa kawai yake amsa min. A rana ta huɗu na buɗe foldar asali, na ɗauko hotunan dillali, na juya su da kaina, inuwa goma sha huɗu, na sa musu sunan da ya sa wa nasa, na buga. Da dillali ya zo karɓa sai ya tsaya a tsakiyar shago yana ɗaga su sama.

"Kai, Bari-in-duba! Wannan karon ka ƙure! Dubi banɗakin nan, ni kaina da na san warinsa sai na ji ina son shiga!"

Yaya ya yi murmushi, ya ɗan waiwayo wajena, irin kallon nan na kin gani ko. Ni kuwa a ƙofar ɗakin ciki wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ba tausayi ba, ba tsoro ba.

Daga nan ya zama aikina. Shi ya juya, ni in sake juyawa. Nasa in kwashe su in zuba a wata folda da na ɓoye a cikin wata, nawa su fita da sunansa. Lambar ta ci gaba da hawa ina kallo, talatin da biyar, arba'in, hamsin da biyu. Ya fara barin fitila ta ƙone fat a gefen hoto bai gan ta ba. In kibiyar maus ta ɓace masa sai ya juya kansa gaba ɗaya yana neman ta. Sau biyu ya ture kofin shayi da gwiwar hannun hagu, sai na riƙa ajiye masa a dama. Ya yi tuntuɓe da kujerar baƙi, na janye ta zuwa bango. Haka na bi shagon nan ina share masa hanya, duk abin da zai gaya masa gaskiya na kawar.

In zuciyata ta tsikare ni ina da amsa a shirye. Tsufa ne. Ko kuma yanar ido ce, ita ai ko yaushe ana cirewa, mai gyaran takalmi ma an cire masa bara ga shi yana zura zare. Sannan wa zai iya da fushin Yaya? Mutuncinsa nake karewa, mutumin da idonsa ne sunansa. Duk waɗannan na gaya wa kaina, kuma akwai ɗan gaskiya a ciki. Amma a can ƙasa na san ranar da aka gane, ranar za a daina ɗaga aikina sama a tsakiyar shago, ko da sunan wani ake yabonsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da matarsa ta tare ni. Na je gidansu ranar hutu, muna tsinke ganye a kicin, ta rage murya ta ce, "Auta, don Allah Yayanki a shago lafiya yake gani? Shekaranjiya ya bugi ƙofa da kafaɗa, jiya na miƙa masa faranti ta gefe bai karɓa ba. Na ce mu je asibiti ya ce in bar shi."

Na ce, "Haba Anti! Mutumin da yake raba toka da toka? Jiya-jiya dillali ya gama yabon aikinsa. Tunani ne ya yi masa yawa."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "To alhamdulillahi. Ke kike tare da shi yini guda, in da wani abu ai da kin gani."

Da aikina na rufe mata baki. Ta kawo shi har bakin ƙofar asibiti, ni na maido shi.

Asirin ya tonu ne da 'yata ta haihu aka yi mata aiki, na tafi jinya kwana tara. Kafin in tafi na roƙi Yaya ya tara min aikin, ya ce turawa ta waya ai ba sai da digiri ba. Ranar da na dawo, da hantsi, ko mayafi ban ajiye ba dillali ya faɗo shago kamar zai ari baki.

"Malam, me na yi maka? Gida huɗu na ɗora, ba wanda ya kira! Dubi kicin ɗin nan, kamar an watsa masa gari!"

Ya dangwara wayarsa a kan tebur. Yaya ya ɗauka, ya kai kusa, ya kai nesa. Na leƙa ta bayansa na ga sunan fayil ɗin, kicin-74.

"Me ya same shi?" in ji Yaya. "Ni ban ga komai ba."

Dillali ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya dube shi da kyau. Sannan ya matsa gefen hagu, ya ɗaga ƙaton hannunsa ya kaɗa, kusa da kunnen Yaya. Yaya bai ko ƙifta ba, yana ta kallon waya.

"Malam," in ji dillali, muryarsa ta sauka, "bar hoton nan. Tashi in kai ka a duba maka ido. Motata tana waje."

Minti biyar ya ishe shi. Bare, mai surutu, wanda nake yi wa dariya a bayan ido.

A asibiti aka sa Yaya ya tura fuska cikin wata na'ura mai kama da kwano, aka ba shi abin dannawa, wai duk inda ya ga ɗigon haske ya danna. Ni da Anti muna zaune a baya muna jin shirun da ke tsakanin danna da danna. Takardar da ta fito da'ira biyu ce. Ta hagu baƙa ce kusan duka. Ta dama baƙa ce ta gefe-gefe, da ɗan fili a tsakiya.

Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce glakoma ce, ruwan cikin ido ne yake matse jijiya a hankali.

Na ce, "Likita, ba yana ba ce?"

"A'a. Yana ana cirewa. Wannan abin da ta ci ba ya dawowa. Sai dai mu riƙe abin da ya rage da maganin ɗigawa, sau uku a rana, ba fashi. Da bara kuka zo, ko bara waccan, da abin da za mu riƙe ya fi haka nesa ba kusa ba. Ba wanda ya lura da komai?"

Yaya ne ya amsa, har da ɗan ɗaga kai. "Likita, aikina na ido ne. Har watan jiya ba a taɓa dawo min da hoto ba. Ga ƙanwata nan, ita take bugawa, tambaye ta."

Likita ta kalle ni. Na gyaɗa kai. Allah ya gani, gyaɗa kai na yi.

Na ɗauka iyakar laifina ke nan, in ɗauke shi in yi ta tafiya da shi har kabari. Ashe bai gama aiki ba. Yaya mutum ne mai lissafi, ya zauna ya lissafa. Kafin in tafi jinya aikinsa lafiya lau, na dawo ya lalace. Ke nan a kwana tara ciwon ya cinye ido ɗaya da rabi. In haka ne, wannan ɗan ragowar kwana nawa zai yi? Ya daina cin abincin kirki. Ya fara gaya min inda takardun shago suke. Bayan mako biyu Anti ta kira ni tana kuka, wai ya ƙi maganin, ya ce likita lallashinsa kawai take, wa zai tare ambaliya da ɗigo.

Washegari na riga shi zuwa shago. Da ya shigo yana laluben ƙofa da hannun hagu, na ja masa kujerarsa, na rufe ƙofar waje.

"Yaya, zauna. Zan karanta maka wani abu."

Na buɗe foldar da na ɓoye, na haɗa da nasa na kafin in fara ɓoyewa da na kwana taran jinya, na jera fayilolin bisa kwanan wata. Hoto dubu huɗu da wani abu. Na fara daga sama, ina faɗin wata, ina faɗin lamba. Goma sha shida. Goma sha tara. Ashirin da huɗu. Na ci gaba. Talatin da ɗaya. Talatin da takwas.

"Wannan mene ne?"

"Naka ne, Yaya. Na shekara biyu. Ba a kwana tara ya zo ba. A hankali ya zo, wata-wata. Likita gaskiya ta faɗa, maganin zai iya riƙe shi."

Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ci gaba," ya ce.

Na karanta har saba'in da huɗu. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"To waɗanda suke fita fa? Waɗanda dillali yake ɗagawa?"

"Ni nake sake juya su."

"Duka?"

"Duka."

"Ranar da Antinki ta tambaye ki fa? Ta gaya min ta tambaye ki."

"Na sani a lokacin."

Na durƙusa a gefen kujerar, na ce ya yafe min, na faɗi har abin da bai tambaya ba, har daɗin da na ji. Na so ya daka min tsawa, ya kore ni, ya yi wata guda bai amsa gaisuwata ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya.

"Ido, wanda ya ba ni shi ya karɓa, ba zan ɗora miki ba," ya ce. "Amma Auta, shekara biyu kina kallona ina fitowa da sassafe, ina zama a nan har bayana ya ƙage, ina jin ni wani ne. Ashe ko hoto ɗaya nawa bai fita ƙofar nan ba. Wannan ki ba ni lokaci."

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan kwalban maganin, ko buɗe shi ba a yi ba tun sabon da aka sayo. Ya miƙo min.

"Zo ki ɗiga min. Hannuna ba ya samun wurin."

Wata bakwai ke nan. Idon hagun ya tafi. Na daman likita ta ce ya tsaya inda yake, ɗan filin nan na tsakiya bai ragu ba. Bai gaya wa Anti abin da na yi ba, ni ma har yau ban iya ba, kuma duk haɗuwarmu sai ta yi min godiyar yadda nake kula da shi. Yana zuwa shago kullum, ya zauna a benci wajen ƙofa yana hira da mai gyaran takalmi, ni ina ciki ina juya hotuna. Maganin safe da na rana ni nake ɗiga masa. Zai jingina kai da bango, in sa yatsa in ja fatar idon ƙasa, in sunkuyo. Likita ta nuna min girman abin da yake gani yanzu, bai fi a leƙa ta bututun takarda ba. In na sunkuyo haka, fuskata ce take cika shi duka. Ba ya kawar da kai, ni ma ba ni da damar kawarwa, sai ɗigon ya faɗa.